Ƙarfi da Rauni a Basirar Yara Masu Galahanga: Dalilin da Ya Sa Maki Ɗaya Ba Ya Wadatarwa

Tsakure

Wannan maƙala ta duba abin da bincike ya gano tun daga 1943 game da yadda yara masu lalurar galahanga, wadda likitoci ke kira otizim, suke tunani da koyo. Matsayarta ita ce basirar irin waɗannan yara ba a shimfiɗe take ba, tana da tudu da kwari, kuma sau da yawa tudun da kwarin daga tushe guda suke tasowa. Don haka hukuncin da ake yanke wa yaro bisa maki ɗaya na gwajin basira yakan ɓoye abin da malami da iyaye suka fi bukatar su sani. An kawo hujjoji, an kuma amsa manyan sukan da ake yi wa wannan ra'ayi.

Gabatarwa

A 1943 Leo Kanner, likitan ƙwaƙwalwar yara a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore a Amurka, ya wallafa bayanin yara 11 da ya ga ba su shiga cikin wani rukuni da aka sani a lokacin ba. Na farkonsu, Donald Triplett, tun yana shekara ɗaya yake rera kari daidai yadda ya ji shi, kuma tun yana ƙarami ya haddace tambayoyi da amsoshi 25 na karatun coci. Amma wannan yaro da ke zubo hadda ba gargada bai iya amsa tambayar yau da kullum ba, kuma idan zai ce "ni" sai ya ce "kai", domin haka ya ji ana faɗa masa. Abin da ya ɗaure wa Kanner kai ke nan, kuma shi ne har yau yake ɗaure wa malamai kai: ta yaya ƙwarewa da gazawa masu nisa haka za su zauna a kan yaro guda? Amsa mafi sauƙi ita ce a ɗauki ɓangare ɗaya a ce shi ne gaskiyar yaron, a mayar da ɗayan abin mamaki kawai. Masu kallon gazawar sai su ce haddar aikin aku ce. Masu kallon haddar kuma su ce yaron gwani ne da aka kasa ganewa. Duka biyun suna guje wa tambayar ne. Abin da za a nuna a nan shi ne rashin daidaiton kansa shi ne abin nazari, kuma shi ya kamata a auna.

Inda ƙarfin yake

Hujja mafi daɗewa ta fito ne daga aikin Amitta Shah da Uta Frith a Landan. A 1983 sun ba yara gwajin siffar da aka ɓoye, inda ake nuna wa yaro ƙaramar siffa, kamar mai kusurwa uku, a ce ya nemo ta a cikin babban zane mai ma'ana, misali keken tura jariri. Yara masu galahanga sun fi takwarorinsu da aka daidaita su da su a matakin basira gano ta. Bayan shekara goma, a 1993, suka koma kan gwajin jera 'yan katako masu launi, wanda yake ɗaya daga cikin sassan gwajin basira na Wechsler, inda yaro ke kallon zane ya sake gina shi da katakon. An daɗe da sanin cewa a wannan sashe ne masu galahanga suka fi yin fice. Abin da Shah da Frith suka ƙara shi ne sun rarraba zanen gida-gida kafin su miƙa shi. Sauran yaran sun samu sauƙi ƙwarai da wannan rarrabawa, masu galahanga kuwa ba ta ƙara musu wani abin kirki ba, alamar cewa tun farko a rarrabe suke ganin zanen. Wannan ƙaramin sauyi a tsarin gwajin ya fi sakamakon farko muhimmanci, domin ya nuna hanyar da yaron ya bi ya kai ga amsa, ba amsar kaɗai ba.

Irin wannan fifiko ya bayyana a wasu fannonin. Kate Plaisted da Michelle O'Riordan a Cambridge sun nuna cewa yaran sun fi saurin tsamo abu guda da ya bambanta daga cikin tarin masu kama da shi. Pamela Heaton a Landan da Anna Bonnel a Montreal sun samu irin haka a ji: tuna sautin kiɗa guda da bambance sautuka biyu masu kusanci da juna. Amma binciken da ya fi tayar da ƙura shi ne na Michelle Dawson da Isabelle Soulières da Morton Gernsbacher da Laurent Mottron da aka yi a Montreal a 2007. Sun gwada yara 38 masu galahanga da gwaji biyu: na Wechsler, wanda ke cike da tambayoyin baka da umarni na magana, da kuma na Raven, wanda jerin zane-zane ne da aka cire wa gurbi ɗaya, yaro ya gano ƙa'idar da ke tafiyar da jerin ya zaɓi abin da zai cike gurbin. Idan aka jera yara ɗari sa'anni daga na ƙasa zuwa na sama, matsayin masu galahanga a gwajin Raven ya ɗara matsayinsu a na Wechsler da kimanin mataki 30 a tsakaici, wasu ma da fiye da 70. Kashi ɗaya cikin uku na yaran sun faɗa rukunin naƙasar basira a Wechsler, amma kashi 5 cikin ɗari ne kawai suka faɗa can a Raven. Yaran da ba su da lalurar kuwa, gwaje-gwajen biyu kusan wuri ɗaya suka ajiye su. Abin lura shi ne gwajin Raven ba na hadda ba ne. Masana sun daɗe suna ɗaukarsa a matsayin ɗaya daga cikin mafi ingancin ma'aunin iya warware sabuwar matsala. Ke nan ba za a iya kore sakamakon da cewa kwaikwayo ne kurum ba.

Ƙungiyar ta Montreal ta matsa gaba a 2015 ƙarƙashin Valérie Courchesne, ta ɗauki yara 30 masu ƙarancin magana, irin waɗanda akan rubuta wa "ba ya gwaduwa". Babu ko ɗaya da ya iya kammala gwajin Wechsler. Amma 26 daga cikinsu sun kammala wani nau'in gwajin Raven mai launi da aka mayar allo, ana ɗaukar guntun da hannu a saka a gurbinsa. Yaran ba su sauya ba tsakanin zama biyun. Abin da ya sauya shi ne ƙofar da aka bi aka tambaye su.

Inda raunin yake

Kuskure ne a tsaya a nan. Idon da ke saurin tsinto ƙaramin abu shi ne kuma yake jinkirin haɗa abubuwa su ba da ma'ana guda, kuma wannan ya fi fitowa fili a harshe. A 1983 Frith da Margaret Snowling sun ba yara jimloli masu ɗauke da kalmomin da rubutunsu ɗaya ne amma furucinsu da ma'anarsu sun bambanta, ta yadda sai an duba sauran jimlar kafin a san wanne ake nufi. Yara masu galahanga sun fi karkata ga furucin da aka fi sabawa da shi, ko da jimlar ta nuna akasin haka, kuma Francesca Happé ta sake samun wannan a 1997. Kate Nation da abokan aikinta a 2006 sun gwada karatun yara 41, suka ga cewa a cikin waɗanda suke iya karanta kalmomi, kusan biyu cikin uku suna da rauni a fahimtar abin da suka karanta. Yaro na iya karanta shafi cikakke da murya mai daɗi, a tambaye shi dalilin da ya sa mutumin cikin labarin ya fusata ya rasa ta cewa. Haka nan zancen da ba a nufin zahirinsa, irin su habaici da zolaya da karin magana, yakan yi musu nauyi, domin ma'anarsa ba a cikin kalmomin take ba, tana cikin yanayin da aka faɗe su.

Rauni na biyu da ya fi shahara shi ne hasashen abin da ke zuciyar wani. A gwajin da Simon Baron-Cohen da Alan Leslie da Frith suka yi a 1985, 'yar tsana mai suna Sally tana ajiye ƙwallon gilashi a kwando ta fita, sai Anne ta ɗauke ta mayar cikin akwati. Ana tambayar yaro inda Sally za ta nema idan ta dawo. Yara 16 cikin 20 masu galahanga sun nuna akwatin, wato inda abin yake a zahiri, ba inda Sally ta bar shi ba, alhali kimanin kashi 85 cikin ɗari na sauran yara, har da masu lalurar Down waɗanda basirarsu ta gaza ta masu galahangan, sun amsa daidai. Wannan sakamako ya yi tasiri ƙwarai, amma ya kamata a karanta shi tare da abin da ya biyo baya. Happé ta nuna a 1995 cewa masu galahanga suna haye gwajin idan ƙarfin harshensu ya kai na ɗan shekara tara ko makamancin haka, yayin da sauran yara ke haye shi a matakin shekara huɗu. Candida Peterson da Michael Siegal a Ostareliya sun gano cewa kurame da aka haifa a gidajen masu ji, waɗanda ba su samu hira da wuri ba, su ma suna makara a gwajin. Wato abin da ake aunawa yana da alaƙa mai ƙarfi da harshe da yawan hirar da yaro ya shiga, ba wata na'ura ce da aka cire masa daga kai ba. Damian Milton, masani wanda shi kansa yana da lalurar, ya ƙara a 2012 cewa rashin fahimtar ta ɓangare biyu ce, domin marasa lalurar ma sukan kasa karanta fuska da nufin masu ita.

Na uku shi ne tsara aiki da sauya dabara. Sally Ozonoff da Bruce Pennington da Sally Rogers a 1991 sun yi amfani da gwajin rarraba kati na Wisconsin, inda ake sauya ƙa'idar rarrabawa ba tare da sanarwa ba, da wasan hasumiyar Hanoi mai bukatar a hango matakai da dama gaba. Yara masu galahanga, ko da basirarsu daidai take da ta sa'anninsu, sun fi liƙe wa tsohuwar ƙa'ida bayan ta daina aiki. Wani nazari na 2018 da ya tattara bincike 235 ya tabbatar da wannan rauni a mataki matsakaici. A aji, shi ne yaron da ya san amsar lissafin amma ya kasa fara aikin, ko wanda ranarsa ke lalacewa don an sauya darasi ba zato.

Tushe ɗaya ne?

Frith ta ba da shawara a 1989 cewa abin da ya haɗa fifikon gani da raunin fahimta shi ne sassaucin ɗabi'ar da ke sa yawancin mutane su fara kama ma'anar gaba ɗaya kafin su lura da sassa. Mottron da jama'arsa sun ce a'a, gani da ji ne suka fi kaifi, ba haɗa ma'ana ce ta raunana ba. Muhawarar ta yi amfani, domin a 2006 Happé da Frith sun gyara matsayinsu, suka ce abin karkata ce ta salon tunani, ba gazawa ba, tunda idan aka ce wa yaron a fili ya duba babban hoton yakan iya. A ganin wannan maƙala, wannan gyara shi ne mafi muhimmancin abin da aka samu a fagen. Idan karkata ce, to umarni da tsarin tambaya suna iya sauya sakamako, kuma malami yana da abin yi. Sai dai ba a cewa tushe guda ya bayyana komai. A shekarar 2006 ɗin dai Happé da Angelica Ronald da Robert Plomin, bisa nazarin dubban tagwaye a Ingila, sun nuna cewa matsalar mu'amala da ta sadarwa da ta maimaita hali ba sa tafiya tare sosai a gado. Iƙirarin da ake yi a nan ya fi haka ƙanƙanta: wani babban kaso na ƙarfin da raunin fuska biyu ne na salo guda, kuma maki ɗaya yana haɗiye su duka. Yaron da ya yi fice a jera katako ya faɗi warwas a sashen fahimtar al'amuran zamantakewa zai fito da matsakaicin maki wanda bai dace da ko ɗaya daga cikin ayyukan biyu ba.

Suka da amsa

Sukan farko shi ne wannan magana tana ƙawata lalura mai nauyi. Suka ne mai tushe. Rahoton cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka na 2023, wanda ya samu yaro ɗaya cikin 36 'yan shekara takwas da lalurar, ya nuna kusan kashi 38 cikin ɗari na waɗanda aka auna basirarsu suna da naƙasar basira. Kimanin kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari ba sa samun magana mai yawa. Fina-finai irin su Rain Man na 1988 da labarin Stephen Wiltshire, mai zana birane daga ƙwaƙwalwa bayan kallo ɗaya daga sama, sun sa jama'a na zaton kowane yaro yana ɓoye da wata baiwa. Binciken Patricia Howlin da abokanta a 2009 kan mutum 137 ya samu ƙwarewa ta musamman a ƙasa da kashi ɗaya cikin uku. Akwai kuma darasin dabarar nan ta riƙe hannun yaro yana danna haruffa, wadda ta bazu a Amurka a farkon shekarun 1990, gwaji ya nuna mai riƙe hannun ne ke rubutun. Amsar ita ce matsayar wannan maƙala ba ta ce kowane yaro gwani ba ne. Ta ce ne a auna, kuma a auna ta fiye da hanya ɗaya. Yaron da ya gaza a Wechsler da Raven duka, an san matsayinsa da tabbaci. Wanda ba a taɓa gwada shi sai da baki ba, zato kawai ake yi a kansa.

Suka na biyu ya fi zafi, domin daga cikin hujjojin ya fito. Sven Bölte da abokansa a Jamus sun maimaita kwatancen Raven da Wechsler a 2009, suka samu tazarar da ba ta kai ta Montreal ba, kuma ta fi bayyana a masu ƙaramin maki. Ruth Van der Hallen da abokanta a Beljiyam sun tattara bincike 56 a 2015, ba su samu fifikon ganin sassa a dunƙule ba, sai dai jinkiri wajen kama babban hoto. Wannan ya isa ya sa a rage murya, kuma duk mai cewa masu galahanga a matsayin rukuni sun fi kowa kaifin ido ya wuce abin da hujja ta ba shi. Amma a duba da kyau abin da sakamakon ke faɗa. Tazarar ta fi girma a wurin yaran da maki ya fi cutarwa, waɗanda ake cirewa daga aji saboda shi. Kuma idan aka haɗa yara masu bambancin siga aka fitar da tsakaici, tudun wani yakan cike kwarin wani, rukunin ya fito a shimfiɗe alhali babu yaro ɗaya a cikinsa da yake haka. Matsalar da maki ɗaya ke haifarwa a kan yaro ita ce tsakaici ke haifarwa a kan rukuni.

Suka na uku shi ne fifiko a ɗakin gwaji ba ya ciyar da kowa. Gail Alvares da abokanta a Ostareliya ta Yamma sun duba yara sama da 2,000 a 2020, suka ga cewa masu makin basira mai kyau suna can ƙasa da makinsu a ayyukan yau da kullum, kamar sa tufafi da kula da kai da hulɗa da mutane. Gaskiya ne, kuma wannan ya ƙara wa matsayar ƙarfi ta ɗaya gefen. Kamar yadda ƙaramin maki ke hana yaro karatun da zai iya, haka babban maki ke hana shi taimakon da yake bukata, a riƙa ce masa mai taurin kai. Tsarin rarraba cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a 2022 ya amince da wannan, inda ya bukaci a bayyana matakin basira daban, matakin harshe daban.

Abin da ya shafe mu

Kusan duk hujjojin da aka kawo daga Turai da Amurka ta Arewa da Ostareliya suke. Muideen Bakare da Kerim Munir sun nuna a 2011 cewa yaran da ake kaiwa asibiti a Afirka sukan zo a makare, da yawansu ba sa magana. Abu biyu sun shafi ƙasar Hausa kai tsaye. Na farko, tsarin karatunmu, na allo da na boko, yana girmama hadda, kuma hadda na cikin abin da yawancin waɗannan yara suka fi ƙarfi a kai. Wannan dama ce, domin tana ba yaro wurin da zai yi fice a gaban sa'anninsa, amma tana iya rufe raunin fahimta har tsawon shekaru idan malam bai taɓa tambayar ma'ana ba. Na biyu, rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, don haka mai karatu yana dogara da jimla ya bambance gari na zama da gari na tuwo, ko kuka na itace da kuka na hawaye. Abin da Frith da Snowling suka sha wahalar tattarowa a Ingilishi yana warwatse a kowane shafi na Hausa, kuma fili ne da masana harshe da masana halayyar yara za su iya haɗuwa a kai. Gwada yaro Bahaushe mai ƙarancin magana da tambayoyin baka cikin Ingilishi kuwa, auna Ingilishinsa ne kafin basirarsa.

Saboda haka ana kira ga likitoci da masu gwajin basira da malaman ilimi na musamman da kada su miƙa wa iyaye rahoto mai lamba ɗaya. Rahoton ya nuna makin kowane sashe daban, ya haɗa da gwaji aƙalla ɗaya da ba ya bukatar magana, ya auna fahimtar karatu daban da iya furta kalmomi, sannan ya faɗi abin da yaron ke iya yi wa kansa a gida.